Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga 'Yan'uwanmu Masu Kamfanoni da Manajoji a Legas Kan Halin da Ma'aikatan Fasaha Suke Ciki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, muna yi muku fatan alheri, iyayen gidanmu alhazai masu masana'antu da ɗakunan sanyi da garejin manyan motoci da rumbunan ajiya, tare da manajojin da kuka damƙa wa amanar waɗannan wurare, tun daga Ikeja da Ilupeju da Isolo da Apapa har zuwa Ikorodu da Ibeju-Lekki. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya tsare dukiya da rayukan da ke ƙarƙashin kulawarku.

Ni shugaban sashen gyara ne a wata masana'anta da ke yankin Ikeja, kuma na rubuto wannan takarda ne da yawun 'yan'uwana ma'aikatan fasaha 'yan Arewa da ke cin abinci a ƙarƙashinku, wato masu aikin lantarki, da makanikan injuna, da masu walda, da masu kula da janareta da tukunyar tururi, da masu gyaran na'urorin sanyi, da kuma matasanmu masu kula da kwamfutocin ofisoshinku. Yawancinmu a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago muke kwana, a sahu ɗaya muke tsayawa da ku ranar Juma'a, kuma da yawa daga cikinmu ta hannunku muka samu aikin nan tun farko. Ba mu manta da wannan alheri ba, shi ya sa ma muka ga ya fi dacewa mu fara yi muku magana da harshen da muke gaisawa da shi kafin mu nufi wata ƙofa.

Dalilin rubutun shi ne, a cikin wannan shekara, a wurare da dama da mutanenmu suke aiki, hukumomin gudanarwa sun yanke hukunci biyu kusan a lokaci guda. An zaftare kuɗin da ake warewa don yi wa injuna sabis, sannan an fara cire ma'aikatan gyara daga jerin ma'aikatan kamfani ana miƙa su ga 'yan kwangilar ɗaukar ma'aikata. Duk inda muka tambaya labarin iri ɗaya ne: da safe aka zo aka tarar da sanarwa manne a allo kusa da ƙofar shiga, kuma babu wani shugaban sashen gyara da aka kira aka tambaye shi abin da hukuncin zai haifar ga injunan da yake kwana yana tashi da su.

Mun san ba don mugunta kuka yi haka ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, kowane ƙarfe da ake shigowa da shi daga waje ya ninka farashi. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit, kuma masana'antu da yawa a wannan rukuni suke. Mu ne muke karanta mita, mu ne muke tsoma sanda a tankin dizal kowace safiya, saboda haka ba sai an yi mana bayanin tsadar aiki ba. Abin da ke damunmu shi ne a lokacin da kuɗi ya yi wuya, wanda kowace naira take buƙatar a san inda za a sa ta, a daidai lokacin ne aka rufe ƙofa ga mutanen da suka fi kowa sanin inda za a iya ragewa ba tare da an yi ɓarna ba. Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗakin naku ne, ba mu musu, amma mu muke kwana a cikinsa.

Kokenmu na farko, kuma shi ne tushen sauran, shi ne yadda ake yanke hukunci a kan injuna ba tare da an ji ta bakin masu injunan ba. Kowane janareta yana zuwa da littafin da ya ƙayyade awannin da zai yi kafin a sauya masa baƙin mai da matatu, galibi tsakanin awa 250 zuwa 500 gwargwadon irinsa. Janaretan da ke aiki dare da rana yana cinye awa 250 a cikin kwana goma sha ɗaya. Idan manaja ya zauna da akanta suka yanke cewa daga yau sau ɗaya za a riƙa yin sabis a wata biyu, a takarda an samu rara, amma man da ya gaji ya riga ya fara cin ƙarfe daga ciki, kuma ranar da injin zai buga ba ya duba ko akwai odar da ake jira. Littafin akanta yana nuna kuɗin da aka kashe wajen sabis, sai dai ba shi da shafin da ake rubuta asarar da sabis ɗin ya hana aukuwa. Wannan ne ya sa idan sashen gyara ya yi aikinsa da kyau har aka shafe watanni babu injin da ya tsaya, sai a fara tambayar ko me waɗannan mutane suke yi da ake biyan su.

Bari in kawo abin da ya faru a gabana. Wani matashi a sashena, yaro mai natsuwa wanda ba ya wasa da littafin aiki, ya lura cewa babbar motar lantarkin da ke jan layin cika kaya, wato na'urar da wuta ke juyawa ta ja bel, ta sauya murya, kuma idan ya ɗora bayan hannunsa a gefen da boris yake, wato zoben ƙarfen da sandar motar ke juyawa a cikinsa, sai ya ji zafin ya wuce na kullum. Ya rubuta, na sa hannu, muka aika takardar neman sabon boris. Takardar ta bi teburin sito, ta bi na mai sayayya, ta tsaya a teburin da ake jiran amincewar manaja, kuma duk lokacin da na bibiya sai a ce min a lallaɓa har ƙarshen wata. Da aka tashi saye, sai aka kawo wani mai arha a cikin kwalin da ko sunan maƙerinsa bai fito sosai ba, na ce ban yarda da shi ba, aka ce shi ne abin da kasafi zai iya. Bai daɗe ba ya cije cikin dare, motar ta ƙone, warin wayar da ta narke ya cika ɗakin. Layin ya tsaya na kwanaki ana jiran masu naɗin waya, direbobin tirela suna kwana a bakin ƙofa, leburori suna zaune a kan buhuna babu abin yi. Kuɗin da aka kashe wajen naɗin motar kaɗai ya isa a sayi ingantaccen boris masu yawa, ban da cinikin da aka rasa. Washegarin ranar da abin ya faru, takardar tuhuma ɗaya ce ta fito daga ofis, kuma sunan yaron nan ne a kanta, shi da ya fara ganin matsalar ya kuma rubuta ta. Har yanzu idan na tuna yadda ya tsaya yana juya takardar a hannunsa, yana tambayata ko akwai abin da ya kamata ya yi wanda bai yi ba, raina yana ɓaci.

Koke na biyu ya fi na farko nauyi, domin shi rai yake taɓawa. Muna nufin umarnin baki da ake ba mu na mu tsallake kariyar da aka gina a jikin inji. Bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa, tana faɗuwa saboda akwai matsala a layi, sai waya ta shigo daga sama a ce a ɗaure ta haka nan a ci gaba. Fiyus ya ƙone babu irinsa a sito, sai a ce a sa waya a madadinsa zuwa gobe, goben da ba ta zuwa. Murfin da ke kare hannu daga bel yana rage saurin aiki, sai a ce a cire shi. Na'urar da ke kashe inji idan an buɗe ƙofarsa tana damun mutane, sai a ce a haɗe wayoyinta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan umarni da ake rubutawa. Wanda ya bayar da shi yana gida ko yana mota, wanda ya aiwatar shi ne zai sa hannu a littafin aikin dare, kuma ranar da hannun wani ya shiga inji ko wuta ta tashi, wannan sa hannun kaɗai za a samu. Ma'aikacin da ya ƙi kuwa, sai a ce yana da taurin kai, ko ba ya kishin kamfani, a ajiye masa abin har lokacin ƙarin albashi.

Ranku ya daɗe, a garin nan mun ga inda irin wannan take kaiwa. Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi, ya hallaka mutane sama da 40, har da mai ginin kansa. Bayan faruwar abin ne jaridu suka fito da wasiƙar da kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da tsarin ginin ya rubuta wa mai ginin tun a watan Fabrairun 2020, inda ya janye hannunsa daga aikin, ya kuma bayyana cewa ba zai ɗauki alhakin ingancin abin da za a ci gaba da ɗorawa ba. Masana sun yi magana, a rubuce ma, fiye da shekara ɗaya da rabi kafin ginin ya faɗi. Kuma kada a ɗauka cewa wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A Amurka, a daren 27 ga Janairu, 1986, injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokin kumbon Challenger sun nemi a dakatar da harba shi saboda sanyin da ake ciki zai iya taurara zoben robar da ke toshe mahaɗar rokar, amma shugabanninsu suka koma gefe suka sauya matsayar. Washegari kumbon ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa da mutum bakwai a ciki. A duka wuraren biyu akwai ilimin da zai hana asarar, abin da babu shi ne hanyar da maganar masanin za ta tsayar da hukuncin mai iko.

Doka ma ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari, ta wajabta a riƙa duba tukunyar tururi da injunan ɗaga kaya lokaci bayan lokaci, ta kuma ce duk haɗarin da ya kashe ma'aikaci ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku a sanar da sufeton masana'antu. Nijeriya ta rattaba hannu tun 1994 a kan yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ce ma'aikacin da ya janye jikinsa daga aikin da yake da hujjar ganin zai iya hallaka shi nan take, a kare shi daga hukuncin da bai dace ba. Ba mu kawo waɗannan don barazana ba. Mun kawo su ne don ku san cewa abin da muke nema ba wata alfarma ba ce da muka ƙirƙiro.

Na uku shi ne batun miƙa mu ga 'yan kwangila. Mun ji hujjar da ake bayarwa, cewa kamfani zai sauke nauyin fansho da asibiti da sallama, ya riƙa biyan kuɗi dunƙule ga mutum ɗaya. Abin da mutanenmu suke gani a ƙasa shi ne, wanda ya yi shekaru yana aiki da takardar kamfani ya wayi gari ba shi da takardar komai, alhali Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya cika wata uku. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai aiki kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, kuma dokar biyan diyya ta 2010 ta ce mai aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF domin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Da yawa daga cikin waɗanda aka mayar hannun 'yan kwangila sun daina ganin saƙon shigar fansho a wayoyinsu, kuma idan suka tambaya, kamfani ya ce su je wurin ɗan kwangila, ɗan kwangila ya ce kuɗin da aka ba shi bai kai nan ba. Mai walda da ya rasa ido a wannan hali, wa zai kama?

Akwai kuma asarar da ku kanku za ku yi, wadda ba a saurin ganin ta. Yawancin masana'antun garin nan tsofaffi ne, an yi ta ƙara musu gini da layin wuta shekara bayan shekara, kuma zanen da ke ofis, inda ma akwai shi, ya daɗe da daina dacewa da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ainihin zanen yana cikin kan tsofaffin ma'aikata. Na san wani dattijo mai aikin lantarki, duk Baba muke kiransa, wanda zai tsaya a tsakar fili ya nuna da ƙafarsa inda babbar waya ta bi da inda ta karkata. Da aka ce ya koma ƙarƙashin ɗan kwangila a kan albashin da bai kai na da ba, sai ya tattara kayan aikinsa ya koma gida Katsina. Ba a jima ba aka zo haƙa magudanar ruwa, injin haƙa ya datse wayar da ke ciyar da rabin masana'antar, kuma Allah ne ya kiyaye ran direban. Ɗan kwangila yana sauya mutanensa duk sanda ya ga dama, yau wannan gobe wancan, saboda haka babu wanda zai zauna ya daɗe har ya san muryar kowane inji. Haka abin yake a ɓangaren kwamfuta. Matashin da ya san inda ajiyar bayanan cinikinku take da yadda ake dawo da ita idan na'ura ta mutu, wanda ya daɗe yana roƙon a sayi wurin ajiya na biyu ana ce masa sai baɗi, ba mutumin da za a riƙa ɗauka ana saukewa kamar ɗan dako ba ne.

Na huɗu shi ne rashin matakalar hawa. A yawancin kamfanoninku, ma'aikacin fasaha yana kaiwa wani matsayi ya tsaya cak, komai ƙwarewarsa, sai dai idan zai ajiye sifana ya koma tebur, wanda hakan ke nufin kamfani ya rasa gwanin makanike ya samu manajan da bai koyi manajanci ba. Mai takardar babbar difloma ta HND daga kwalejin fasaha ta Yabatech ko Kaduna Polytechnic yana koya wa sabon mai digiri aiki, bayan ɗan lokaci ya zama shi ke kai masa rahoto. Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin kawar da wannan bambanci a 2021, bai kai ga zama doka ba a wancan zangon, amma ku masu kamfanoni babu abin da ya hana ku kawar da shi a gidajenku tun yau. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, tana yi wa injiniya da masanin fasaha da ƙwararren ma'aikaci da mai sana'ar hannu rajista kowa a matsayinsa, kuma Ma'aikatar Ƙwadago tana da jarabawar sana'a mai mataki uku, to amma kaɗan ne daga cikinku suke duba waɗannan takardu idan an zo ƙarin girma. A nan akwai maganar da ke da nauyin faɗa, amma dole mu faɗe ta cikin ladabi. Taimakon dangi abu ne mai kyau, mu ma muna yi. Sai dai idan aka ɗora ɗan'uwa a kan sashen da bai san aikinsa ba, aka kuma ba shi ikon soke shawarar wanda ya sani, ba a taimake shi ba, an dai ajiye shi a inda zai yi kuskuren da dukiyar gidan ce za ta biya. Haka nan idan aka ɗauko ƙwararre daga waje ana biyan sa da dala, sharaɗin izinin da gwamnati take bayarwa ya haɗa da a ajiye 'yan ƙasa su koya a hannunsa, amma sau da yawa sunayenmu ne kawai suke shiga takarda, mutumin ya gama ya tafi da kalmar sirrin na'urar a aljihunsa.

Na ƙarshe a koke-kokenmu shi ne mutunci. Ana daka wa magidanci mai furfura tsawa a gaban yaran da yake koya wa aiki. Ana kiran mutum ƙarfe biyu na dare daga Agege zuwa Apapa, ya fito ya nemi abin hawa da kuɗinsa, ya gyara, sannan a ƙarshen wata a ce babu kuɗin aikin bayan lokaci domin ba a cike takarda kafin ya fito ba. Duk lita ɗaya ta dizal da lissafi bai kama ba, mu ake fara kallo. Ba mu ce dukkanmu tsarkaka ne ba, akwai masu ƙara kuɗi a rasit, akwai masu karkatar da kaya, kuma duk wanda aka kama da hujja ba za mu tsaya masa ba. Amma maganin wannan shi ne a sa mita a tanki, a gyara lissafin sito, a riƙa ƙirga kaya a gaban shaidu. Zargin kowa da kowa yana kashe zuciyar mai gaskiya, kuma yana kai mai wuri ga matakan da ba su dace ba. Waɗanda suka daɗe a garin nan suna tuna gobarar da ta tashi cikin dare a wata masana'antar roba a Odogunyan ta Ikorodu a watan Satumbar 2002, wadda ta ci gomman ma'aikata, kuma rahotannin lokacin sun ce a kulle ƙofofin fita suke. Har yau akwai wuraren da ake datse ƙofar gaggawa da kwaɗo saboda tsoron sata, makullin kuma yana aljihun wanda ya tafi gida.

Saboda haka, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon a ba shugaban sashen gyara kujera a zaman da ake tsara kasafin shekara da duk zaman da za a yanke hukuncin sayen inji, ko rage sabis, ko sauya mai kawo kayan gyara, kuma a ji ta bakinsa kafin a yanke. Mu kuma mun ɗauki alkawarin za mu zo da lissafi a hannu, mu nuna abin da za a iya jinkirtawa da abin da ba za a iya ba, da kuɗin da kowane zaɓi zai ci, cikin harshen da akanta zai gane. Don wannan ya yiwu, a buɗe littafi guda da za a riƙa rubuta kowace tsayuwar inji, da dalilinta, da awannin da ta ci, da kimar kayan da aka rasa, a riƙa karanta shi a gaban mai kamfani duk wata.

Muna roƙon a kafa ƙa'ida cewa manaja yana da ikon ƙin bin shawarar ma'aikacin fasaha, domin shi ne shugaba, amma idan zai ƙi, ya rubuta ya sa hannu, ko da saƙon waya ne da za a iya ajiyewa. Mun yi imani rabin umarnin da ake ba mu cikin dare ba za a bayar da su ba idan aka san sai an sa suna a ƙasa. Tare da wannan, a ba ma'aikacin da ke bakin aiki ikon kashe inji idan ya ga haɗari ga rai, ba tare da ya nemi izini ba kuma ba tare da an hukunta shi ba, ko da daga baya an gano abin bai kai yadda ya zata ba. Kamfanin Toyota ya yi suna da tsarin da kowane ma'aikacin layi yake da igiya ko maɓallin da zai taɓa ya kira shugabansa, layin kuma ya tsaya idan ba a warware matsalar nan take ba, kuma wannan bai hana shi zama cikin manyan masu ƙera motoci a duniya ba.

Muna roƙon a dakatar da miƙa ma'aikatan gyara ga 'yan kwangila har sai an zauna da wakilansu. Waɗanda aka riga aka miƙa, kamfani ya tilasta wa ɗan kwangilar ya nuna lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago, ya ba kowa takardar aiki, ya riƙa kawo shaidar biyan fansho da ta NSITF kafin a sallame shi kowane wata. Ayyukan da rayuwar masana'anta ta rataya a kansu, kamar babbar wuta da tukunyar tururi da ajiyar bayanai, a bar su a hannun ma'aikatan kamfani na dindindin, a kuma ba tsofaffinmu lokaci da mataimaki su zana abin da ke cikin kansu kafin su yi ritaya.

Idan inji ya lalace ko haɗari ya auku, muna roƙon kada takardar tuhuma ta fita sai an yi bincike na haɗin gwiwa wanda zai bi sawun abin tun daga ranar da aka fara rubuta matsalar, ya duba kowane teburin da takardar ta kwana a kai.

Muna roƙon a buɗe wa ma'aikacin fasaha matakan girma na kansa, yadda gwani zai kai albashin manaja yana riƙe da kayan aikinsa, a kuma riƙa la'akari da rajistar COREN da jarabawar sana'a. Kamfanonin da dokar ta shafa suna biyan kashi 1 cikin 100 na albashin shekara ga asusun horar da ma'aikata na ITF, kuma wanda ya horar da ma'aikatansa bisa tsarin asusun yana iya neman a mayar masa da har rabin abin da ya biya. Kuɗin horon nan kun riga kun fitar da shi, saura a yi amfani da shi. A cire kwaɗo daga ƙofofin gaggawa a wannan makon, a kuma gayyaci jami'an Hukumar Kiyaye Haɗura a Wuraren Aiki ta Jihar Legas ko sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago su zagaya tare da mu tun babu abin da ya faru.

Daga ƙarshe muna roƙon iyayenmu sarakunan Hausawa na unguwannin Legas da dattawan 'yan kasuwa su shiga tsakani su haɗa mu zama ɗaya da ku kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa. Za mu turo wakilai daga kowane fanni, za mu zo da littattafan aikinmu da kwafin takardun neman kayan gyara da muka ajiye, kuma a shirye muke mu fara da kamfani ɗaya ko biyu da suka yarda a gwada waɗannan ƙa'idoji na wata shida, sannan a kwatanta lissafin da na baya a gaban kowa. Muna jiran amsarku ta hannun shugabannin sassan gyara na wurarenku.

Allah ya ƙara girma, ya sa mu gama lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wani shugaban sashen gyara, a madadin 'yan'uwansa ma'aikatan fasaha,
Agege, Legas.